Kafar Iskar Ɗakin Yemma

Arris,
24 ga Oktoba.

Zuwa ga yayana, Dadda Balƙasim,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar rai, kai da matarka Suhila da ɗanku Ilyas. Allah Ya tsare ku daga sanyin Kanada da ka ce ya fara leƙowa, Ya sa albarka a aikinka, Ya raya mana yaron nan cikin imani. Hotonsa da ka turo, wanda yake sanye da hular ulu, mahaifiyarmu ta sa an wanke mata shi a kati ta jingina jikin madubi. Ka san Yemma. Yanzu duk baƙon da ya shigo sai ya gaida Ilyas kafin a zuba masa kofi.

Mu nan lafiya muke, alhamdu lillahi, kuma da gangan na fara da wannan, don kada ka karanta abin da ke ƙasa gabanka yana faɗuwa. Yemma tana kan ƙafafunta. Nanna ma haka, sai dai gwiwoyin nan nata. Kullum tana cewa da ɗanta yana raye, wato Baba, Allah Ya jiƙansa, da tuni ya kai ta wankan ruwan zafi, ba mu ba da muke shafa mata man zaitun kamar za mu gasa ta. Ƙanin Baba, Ammi Sa'id, ya gama tsinke tuffa. Ƙanƙara ta ɓata masa itatuwan da ke saman gona, amma na gangare sun yi kyau, ya kawo mana akwati biyu, ɗakin ajiya sai ƙamshi. Ruwan farko na kaka ya sauka, masu noma sun shiga da garma. Dusar ƙanƙara ba ta hau kan dutse ba tukuna, amma iskar safe ta riga ta sauya.

Na zaɓi in rubuta da hannu in ɗauki hoton takardar in turo maka, saboda a waya ba na samunka. Da na ce Dadda, sai Yemma ta miƙo hannu ta karɓe. In kuwa na samu na fara magana, kai ne za ka katse ni ka tambaya ko na duba makunnin gas sau uku ko yau na yi ragwanci na tsaya a biyu. Ban ji haushi ba, ni na jawo wa kaina wannan suna. Amma wannan karon ina roƙonka ka karanta har ƙarshe ba tare da dariya ba.

Ka san tun da na gama karatun kiyaye haɗurra a masana'antu a Batna cikin watan Yuni, bazarar nan ban yi ta da daɗi ba. Na yi ta tura takardun neman aiki ko'ina, har wuraren da ban san abin da suke yi ba, ina kwana ina tashi da waya a hannu. Ranar da ruwan farko ya sauka, Nanna ta sa na fitar mata da kujera bakin ƙofa, ta ce ita dai shekararta yau ta fara, ranar da ƙasa ta jiƙa aka sa mata garma, wannan ta kalanda kuwa ta ma'aikatan gwamnati ce. Maganar ta zauna mini. Na ce to ni ma bari in fara tawa shekarar daga nan, in zaɓi abin da zan sa a gaba maimakon in bar tsoro ya zaɓa mini. Na daina neman aikin da ba nawa ba. Na fara fita da safe ina zagaya gonar Ammi. Na goge duk shafukan labarin haɗari da nake bi a waya. Babban alkawarin da na yi wa kaina shi ne in daina tsoron abin da bai faru ba. Sai ga shi wata masana'anta a Sikikda ta kira ni, sashen kiyaye lafiyar ma'aikata, in fara a makon farko na Nuwamba. Na ce lallai Allah Ya karɓi niyyata. Ina gaya maka wannan ne don ka san ba neman abin tsoro nake yi ba. Guje masa nake yi lokacin da ya same ni a cikin gida.

Maganar ta shafi tagogin da ka sa aka yi wa Yemma. Kafin komai, Allah Ya saka maka da alheri. Aikin ya yi kyau, alminiyam ne mai gilashi biyu, da roba a kowane gefe, ƙofar ɗaki ma haka. In ka rufe, ko kukan jakin maƙwabta ba ka ji. Yemma ta goge su da jarida har sai da hannunta ya yi ciwo, kuma babu matar da ta shigo gidan nan ba a sa ta buɗe ta rufe ta ji laushinsu ba. Ta ce ɗanta ya aiko mata da Kanada har cikin ɗaki.

To ka tuna abin da take yi duk kaka. A fitar da komai tsakar gida, a shafe bango da farar ƙasa, a shanya barguna, a rataye barkono da tumatir busassu, sannan a ranar ƙarshe ta hau tebur ta toshe kafar iskar nan da ke saman bangon babban ɗaki, zagayayyar da ke kallon arewa. Tun ina ƙarama nake ganin haka, ban taɓa tunanin komai ba, kuma gaskiya a da babu abin da ya faru. Dalilin kuwa shi ne tsoffin tagogin katakon nan. Iska tana shiga ta jikinsu kamar rariya, har labule yana motsi taga a rufe. Muna zaginsu duk hunturu, ashe su suke ciyar da hitar gas ɗin da ke ɗumama ɗakin da iska. Bana babu su. Ranar da na ga Yemma a kan tebur tana cusa tsumma, na dubi tagogin, na dubi ƙofar, na dubi hita, sai na gane babu ta inda iska za ta ƙara shigowa.

Na yi mata bayani yadda aka koya mini, a hankali. Na ce wuta ma numfashi take yi. In ta samu iska isasshiya, harshenta shuɗi ne, hayaƙinta ya bi bututu ya fita. In ba ta samu ba, harshen ya koma rawaya, ta fara fitar da wata iska mai guba da muke kira kabon monoksaid, wadda ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar kirki sau ɗari biyu da wani abu. Mutum zai ji ciwon kai, tashin zuciya, kasala, sai barci, kuma daga barcin ne ba a tashi. Yemma ta saurare ni har na gama, tana tsince ƙananan waken nan na lantil. Sannan ta ce ashe shekara biyar aka yi ana sa ni a mota zuwa Batna don in dawo in koya mata yadda ake numfashi. Ta ce abin da ba a gani, ba a shinshina, ba a ji, a garinsu sunansa babu. Maƙwabciyarmu Halti Zarfa tana zaune, ta kwashe da dariya, ta ce wa Yemma wannan 'yar taki da za a sakar mata mara sai ta sa wa kajin unguwa hular kwano. Nanna ta ce a bar yarinya, tun tana ciki take tsoro, shi ya sa ta ƙi fitowa sai da aka je asibiti da mota. Na yi dariya tare da su, don ban san me zan yi ba.

Da suka fita na hau na cire tsumman. Washegari na tarar an mayar. Na sake cirewa, aka sake mayarwa. Sai na sayo 'yar na'urar nan mai ƙara idan gubar ta taru, na kafa ta a bango. Da na gwada ta, Nanna ta toshe kunne ta ce ko ɗan akuya da aka raba da uwarsa ya fi wannan ladabi. Amma suka bar ta a wurin, ni kuma hankalina ya ɗan kwanta. Na ce wa kaina ai na yi alkawarin daina tsoro.

Ranar Alhamis da ta wuce na tafi Batna karɓo takardar shaidata. Da na fita garin da ɗumi, ko hitar ba a fara kunnawa ba bana. Da rana sai hadari ya haɗo, aka yi ruwa da iska, sanyi ya sauko lokaci ɗaya. Na dawo bayan la'asar. Na ƙwanƙwasa ba a amsa ba, na buɗe da makullina. Dadda, zan faɗa maka abin da na gani kawai, ba zan ƙara ba. Ƙofar babban ɗaki a rufe take. Da na tura, ɗumi mai nauyi ya bugi fuskata, gilashin tagogi duk ya yi gumi, harshen wutar rawaya ne yana rangaji. Yemma tana kwance a kan katifa, ta ɗaure kanta tamau da ɗankwali, ta jera yankakken dankali a goshi kamar yadda take yi in kanta na ciwo. Ta buɗe ido da ƙyar ta ce in rufe ƙofa ina shigo musu da sanyi. Nanna tana zaune jingine da bango, carbi a hannu, kanta ya faɗo kan ƙirji, ta yi amai a rigarta. Na kira ta ba ta amsa ba. Na dubi bango, babu na'urar, sai ƙusa. Amma ina jin wani ɗan kuka siriri daga nesa, kamar na ƙwaro. Daga cikin kabad yake fitowa.

Na kashe gas, na buɗe tagogin duka, kuma a nan dole in yaba musu, da yatsa ɗaya suka buɗe. Na kwantar da Nanna a kan bargo na ja ta har tsakar gida cikin ruwan sama. Ban san tana da nauyi haka ba. Yemma ta yunƙura za ta tashi ta hana ni, ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta, ta zauna daɓas tana kallonsu kamar na wata. Ita ma jan ta na yi. Na kira motar asibiti, na kira Ammi Sa'id, shi ya riga isowa da motar tuffa, a cikinta muka tafi. A hanya Nanna ta buɗe ido ta tambaya wa ya jiƙa ta.

Sun kwana a asibiti da abin shaƙar oksijin a fuska, aka sallame su washegari. Likitar ta tambaye ni wace mota na hau daga Batna, na faɗa mata, ta ce in gode wa Allah da ban tsaya jiran ta bayanta ba. Ba ta faɗi ko saura awa nawa ba, ni ma ba zan ƙirƙira maka ba. Ta ce a sa ido kan Nanna na wasu makonni, don wani lokaci mantuwa ko ruɗewa kan biyo baya. Zuwa yanzu ban ga alama ba, jiya ma ta tuna mini kofin da na fasa tun ina firamare. Na tambayi Yemma yadda na'urar ta shiga kabad. Ta ce suna kunna wuta ba da jimawa ba abin ya fara ihu, ta danna ya ƙi yin shiru, kuma ihun ne ya sa mata ciwon kai, sai ta naɗe shi a bargo ta tura ƙarƙashin kayan sanyi. Har yau a kan haka take, wai na'urata ce ta fara kwantar da ita.

Akwai labarin da ba ta so in gaya maka, amma ba zan ɓoye ba. Tsuntsunka maknin, wanda ka bar mata amana, ya mutu a ranar. Ta shigar da kejinsa ɗaki don kada sanyi ya taɓa shi. Ƙananan tsuntsaye sun fi mu saurin numfashi, su guba take fara kayarwa. Yemma ta yi kuka a kansa fiye da yadda ta yi a kan kanta. Ta ce ni na kashe shi, da na wangale tagogi iska mai ruwa ta buge shi. Dadda, na gan shi kwance a ƙasan keji tun shigata, kafin in taɓa taga ko ɗaya. Na faɗa mata haka. Ta ce ban ga komai ba, mai tsoro ba ya gani. Ka yi haƙuri, na san yadda kake son muryarsa. Ammi ya binne shi a gindin rumman.

Daga nan kowa ya kawo nasa bayanin. Halti Zarfa ta ce baki ne, matan da aka yi ta nuna wa tagogi ba duka ne suka ce masha Allahu ba. Ta shigo da kaskon garwashi da turare, ta ce a rufe ƙofa da taga hayaƙin ya kama ɗakin sosai. Garwashi, a rufaffen ɗaki, ga mutanen da jiya aka cire musu oksijin. Na ɗauki kaskon na kai tsakar gida. Ta ce oh, ashe a jami'a har da darasin korar baƙi ake yi. Na ba ta haƙuri, amma kaskon bai koma ba. Sai na kira mai gyaran hita, ya hau rufi, ya zaro sheƙar gwarare daga cikin bututu, wadda suka yi da bazara, ta toshe kusan rabinsa. Yemma ta ji daɗi ƙwarai. Ta ce to ga ɓarawon an kama, gwarare ne, tagogin ɗanta ba su da laifi, tsummanta ma ba shi da laifi, a bar maganar. Gaskiyar ita ce abubuwa biyu ne suka haɗu. Sheƙar ta hanzarta abin, amma ko bututu a share yake, ba zai ja hayaƙi waje ba in babu iskar da ke shigowa ta maye gurbinsa. Mai gyaran ma ya faɗa mata haka. Ta ba shi kofi da tuffa, ta raka shi ƙofa, da yamma na ɗaga kai na ga kafar da na buɗe bayan dawowarmu an sake toshe ta.

A ranar ne na daina yi mata lissafi, na tambaye ta kawai me ya sa. Muna ɗakin girki tana murza ƙullun gurasarmu ta kesra. Ta ƙarasa murzawa. Sannan ta ce shekarar da Baba ya kwanta, kai kana aikin soja, ni ina aji shida, gadonsa a ƙarƙashin kafar nan yake. A kakar shekarar hidima ta yi mata yawa, ta yi ta cewa gobe za ta toshe, gobe za ta toshe, har sanyi ya shigo. Wata safiya ya tashi da tari, ya ce mata iskar nan ta kwana a ƙirjinsa. Tarin bai sake shi ba har ya rasu kafin itatuwa su yi fure. Ta faɗi wannan ba ta dube ni ba, hannunta yana ta aiki. Ni da kai mun san abin da ya ci huhun Baba. Ƙurar dutsen da ya yi shekaru yana sassaƙa ce, kamar yadda ta ci abokan aikinsa da yawa, likitoci sun faɗa tun kafin wannan hunturun. Na ce mata haka. Ta ce ta sani, ita ma tana wurin aka faɗa, amma ƙura ta yi shekaru tana jira ba ta ɗauke shi ba sai shekarar da ita ta bar kafa a buɗe. Ashe duk kakar da muke ganin ta a kan tebur, ba sanyi kawai take toshewa ba. Duk abin da na karanta, babu shafin da ya yi maganar wannan.

Na auna abin ta kowane gefe. Aikin Sikikda shi ne abin da na roƙa, kuma in na bar shi akwai mutane a layi, ba za a ajiye mini ba. Amma na ga kaina a can ina duba bututun mutane, a nan kuma ƙofa a rufe, ba mai dawowa daga Batna bayan la'asar. Na ce ai na yi niyyar bana ni zan zaɓi abin da zan sa a gaba, to ga zaɓin ya zo, ba irin wanda na zata ba. Ranar Litinin na gaya musu zan kira masana'antar in ce ba zan zo ba, zan zauna har hunturu ya wuce. Ba barazana na yi ba, har lambar na fitar. Yemma ta tashi tsaye. Ta ce wato so nake matan Arris su ce ita Hadda ta ɗaure ƙafar 'yarta da tsumma. Ta ce ita ba ta haifi mai gadi ba, in gadi take so za ta sayi kare, shi aƙalla ba ya yi wa mutane lacca. Nanna ta ce kare ma ai sai an bar masa kafar shan iska. Yemma ta ce wa Nanna ita ma ta shiga jami'ar ke nan. Ranar ba ta ƙara yi mini magana ba, kesra ma da ta gasa Nanna ta miƙa wa gefen mai zafi, ni ta ture mini na jiya.

Da safe ina shanya sai na ji ana jan tebur. Na shigo na tarar da ita a kai. Na matsa zan riƙe mata, ta ce in cire hannuna. Ta zura yatsu ta jawo abin a hankali, ya fito da tsawo. Duk cirewar da na yi a baya cikin sauri nake yi, in jefar a kan kabad, ban taɓa warware shi ba. Ta warware a gabana. Hannun kashabiyar Baba ce, rigar ulun nan mai ruwan ƙasa da yake sawa in zai fita aiki da sanyi, har da ɗinkin da ta yi masa a gwiwar hannu. Ta kakkaɓe, ta kai hanci, ta ninke. Ta wuce ɗakina ta buɗe akwatin da na fara shiryawa na bari, ta sa shi a ciki. Ta ce an ce Sikikda damshin teku gare ta, in riƙa naɗa shi a wuya. Ta ce kada in ɗauka na ci nasara, ta cire ne don ya yi ƙura. Sannan ta ce in tafi in ji tsoro a kan 'ya'yan mutane, tunda an samu masu biya. Na kira masana'antar a ranar na ce ina zuwa.

Da a nan maganar ta ƙare da ban dame ka ba. Amma Dadda, ba ta yi alkawari ba. Na roƙe ta ta rantse mini, ta ce ba ta rantse wa abin da ta haifa. Sanyin gaske bai zo ba tukuna. Ka san Janairu a nan, lokacin da ruwa ke daskarewa a famfo, iskar arewa ta riƙa busa ta kafar nan kamar sarewa, Nanna ta fara kukan gwiwa ko ta yi tari sau ɗaya. A ranar Yemma za ta ɗaga kai, kuma gidan nan cike yake da tsummoki. Na yi abin da zan iya. Na matsar da gadon Nanna zuwa bangon kudu. Mai gyaran zai sa wa kafar murfi mai karkata iska sama don kada ta sauka a kan mutum. Na mayar da na'urar, wannan karon da sukurori huɗu, na kuma nuna wa Ammi Sa'id yadda kukanta yake. Amma babu murfin da hannu ba zai iya cusa wa tsumma ba, kuma Ammi yana can ƙarshen gari.

Ga abin da nake roƙonka. Ni in na yi magana, Wahiba matsoraciya ce ta yi. Kai in ka yi, ɗanta ne. Ka kira ta kafin in tafi, ka gaya mata da bakinka cewa tagogin nan ba a zama da su sai da kafar iska a buɗe, a can ma haka kuke yi, kuma in ta toshe, kyautarka ce za ta zama sanadi. Na san kalmar tana da nauyi, kuma wallahi ba laifinka nake gani ba, ɗumi ka so mata. Amma ita kaɗai ce kalmar da za ta tsaya mata a rai daidai da ta Baba. Kada ka sa wasa a ciki, ko kaɗan, don in ka yi dariya sau ɗaya ta samu mafita. In wata rana ta ce maka kanta na ciwo, ka tambaya ko Nanna ma haka. In ta ce e, ka sa ta kashe wuta ta buɗe ƙofa kana kan layi, sannan ka kira Ammi nan take, kada ka tsaya sallama.

Abu na ƙarshe, duk lokacin da ka kira ta a bidiyo, ka sa ta juya wayar ta nuna maka bangon arewa. Ni za ta ƙi, kai ba za ta iya ƙi ba, kuma ba ta iya yi maka ƙarya. Ka daure ka kira da safenku, lokacin nan rana ba ta faɗi ba. In kafar a buɗe take, za ka ga haske a saman bangon ta tsakanin murfin, ko da hadari. In ka ga duhu a wurin, kada ka bari sai gobe.

Yemma tana gaishe ka, ba ta san abin da na rubuta ba, ta ɗauka labarin aikina nake ba ka, ta ce in tambaya ko Ilyas ya fara cin kuskus. Nanna ta ce a gaya maka tana nan ba ta tafi ba, kada ka yi saurin rabon gado. Ammi Sa'id da matarsa Halti Luwiza da yaransu duk suna gaisuwa, haka Halti Zarfa, wadda ta huce har ta aiko mini da busasshen ɓaure na guzuri. Ka gaida mini Suhila da kyau, ka sumbaci Ilyas a goshi. Ka sa ni a addu'a a kan sabon wurin da zan je, ka sa su a addu'a fiye da ni. Allah Ya fitar da mu hunturun nan gaba ɗayanmu, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka mai jiran kiranka,
Wahiba.